Hannun Barmo da Murjanin Ɗanlami

Assalamu alaikum, ƴan'uwa masu bibiyar wannan shafi. Kafin in shiga labari, ina neman afuwarku game da rubutuna. Ban zauna lakwal, wato makarantar boko, ba ina yaro. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na shiga ajin manya na koyi haɗa baƙi da wasali, kuma har yau hannuna bai nuna ba. Wanda ya ga tuntuɓe, ya dubi abin da nake nufi, kada ya dubi yadda na rubuta shi.

Akwai wani manomin albasa a Tamaske, cikin ƙasar Adar, sunansa Barmo. Mutum ne mai ƙwazo, mai riƙon amana, amma yana da hali guda: in aka ɓata masa rai ba ya faɗa, ba ya zagi, sai ya ajiye abin a zuciya kamar yadda ake ajiye iri a rumbu.

Wannan hali yana da asali. Mahaifinsa, Ɗanlami, mutumin Garhanga ne. A ƙuruciyarsa ya yi tafiya mai nisa har bakin Bahar Maliya, ya yi dako a tashar jiragen ruwa. Da ya komo gida, ya kawo wa amaryarsa Cima silin murjani ja. A dandali kuwa ya gaya wa mutane cewa murjani ba dutse ba ne. Ya ce abu ne mai rai, yana tsirowa a ƙarƙashin teku da rassa kamar sabara, yana buɗe baki yana cin abinci, kuma shi da idonsa ya gani.

Mutane suka fashe da dariya. Wanda ya fi kowa dariya shi ne wani abokinsa mai kaifin harshe, Ɗangana. Tun daga ranar, duk wanda ya shara ƙarya a Garhanga sai a ce masa, "Wanga kam murjanin Ɗanlami na."

Ɗanlami ya rasu da wannan suna a kansa. Cima ta ɗauki ɗanta ta komo gidan iyayenta a Tamaske, amma maganar ta biyo su. Barmo ya sha dambe a kanta tun yana ƙarami. Abin da ya fi yi masa ciwo kuwa, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba, shi ne shi kansa bai tabbata ubansa ya faɗi gaskiya ba.

Barmo yana da taubashi, Mahdi, ɗan wan mahaifiyarsa. Tare suka tashi, kowa na kiran ɗan'uwansa "bawana", kowa na wawashe hular ɗan'uwansa in an haɗu, kamar yadda taubasai suka gada. Sai Mahdi ya tafi Abijan. Ya daɗe can yana aiki a shagon wani mutum mai haɗa wa manyan otal akwatunan gilashi na kifin teku. Aikin ya shiga ransa. Da ya tashi dawowa, maimakon ya cika gida da kujeru kamar sauran ƴan ci-rani, sai ya zo da teku a cikin akwati.

Ba ƙaramar wahala ya sha ba. Ya keɓe ɗaki guda, ya dasa panno mai ɗaukar hasken rana a kan rufi da batura, don kada famfon da ke kaɗa ruwan ya tsaya. Gishirin da yake haɗa ruwan da shi ba na kasuwa ba ne, a bokiti ake aiko masa da shi. In bazara ta yi zafi, sai ya riƙa jefa gorunan ƙanƙara a ruwan yana kunna fanka. Kuma kullum da la'asar yakan ƙara tataccen ruwa maras gishiri, don zafi yana shanye ruwa ya bar gishirin. Wannan ruwa yana ajiye shi a shuɗɗan bido, wato jarkoki, a inuwar zaure.

A cikin akwatin akwai ƙananan kifaye biyu masu launin lemu, kowanne da farar ɗamara uku. Turawa suna kiransu da sunan mai ba da dariya a wurin wasa, saboda adonsu da rangwaɗarsu. Mutanen Tamaske kuwa suka sa musu Ango da Amarya, don ba sa rabuwa, kuma ba sa nisa da wata halitta mai taushin yatsu da suke kwana a cikinta. Kewaye da su ga wasu abubuwa kore da ja da shunayya a kan duwatsu, suna lilo a ƙarƙashin shuɗiyar fitila.

Ranar da Mahdi ya buɗe ɗakin ga jama'a, gidan ya cika. Barmo ya zo kai tsaye daga garka, da laka a ƙafa, da murna a fuska. Ya kutsa gaba yana cewa, "Ku ba ni wuri in ga dukiyar bawana! Abin bawa ai na ubangijinai na. Wanga ƙaramin kihi ko miya ba ya yi, bari in ɗauki rabona."

Mutane suka yi dariya, don wasan taubasai ne. Barmo ya ɗaga murfi ya kai hannu zai taɓa ruwan.

Sai ji aka yi tas! Mahdi ya make masa hannu da ƙarfi, har sautin ya cika ɗakin.

"Kai wane irin baƙauye na?" in ji Mahdi, idonsa ja. "Hannun da kaka hwesa ma albasa magani da shi za ka tsoma min cikin ruwa? Ɗigo guda na wannan dahin ya isa ya kashe komi da ke ciki! Ja da baya. Nan ba rijiyar garka ba ta."

Wata mata ta rufe baki da gyale. Wani saurayi ya kasa riƙe dariya. Wani dattijo ya ce, "Haba Mahdi, taubashinka na hwa." Mahdi ya ce, "Wasa na da wuri nai, Baba."

Gaskiya ce Mahdi ya faɗa game da maganin, amma ya faɗe ta da girman kai, a gaban mata da surukai. Barmo ya dubi bayan hannunsa inda yatsu suka kwanta, ya sa hannun a aljihu, ya fita. Bai tsaya ya kalli abubuwan da ke lilo a kan duwatsun ba. A ganinsa furannin roba ne irin na shaguna.

Daga ranar aka sa masa sabon suna a majalisa: Hannun Albasa. In ya miƙa hannu a gaisa, sai wani shaƙiyyi ya ce, "Ka wanke dai ko?" Barmo ya yi murmushi, ya ƙara ajiyewa a rumbun zuciya.

Mahdi ya gane ya yi wauta, amma ƙafarsa ta yi masa nauyi. Sai ya aiki matarsa Munira da goro da turare. Barmo ya dubi kwanon ya ce, "Koma mishi da abinai, Munira. Hannuna na da dauɗa, kar in ɓata mishi goro."

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne mahaifiyarsa. Cima ta tsufa, ƙafa ta yi rauni, amma kullum da hantsi sai ta dogara sanda ta nufi gidan Mahdi, ta zauna gaban akwatin har azahar. Barmo ya ga kamar har uwarsa an ƙwace masa.

Ga abin da Barmo bai sani ba. Ranar farko da Cima ta zauna a wurin, ta tambayi Mahdi ko wane irin fure ne wannan mai motsi. Mahdi ya ce, "Gwaggo, ba hure ba na. Murjani na, dangin wanda ke wuyanki. Da rai shike." Ya ɗebo ɗan abinci ya zuba, ta ga ƙananan bakuna suna buɗewa suna kamawa. Tsohuwa ta dafe silin da ke wuyanta, hawaye suka zubo. Ta ce, "Ashe Malam bai yi ƙarya ba." Nan take ta ƙudura cewa sai Ɗangana da sauran tsofaffin Garhanga da suka rage sun zo sun gani da idonsu, su wanke sunan mijinta kafin ƙasa ta rufe su duka. Ta aika musu su zo ranar kasuwar Tamaske.

Ta so ta gaya wa ɗanta. Wata safiya yana ɗaura wa jaki mangala ta ce, "Barmo, zamna in hwaɗa maka abin da na gani gidan Mahdi. Maganar ubanka..."

Barmo ya katse ta, abin da bai taɓa yi ba. "Inna, don girman Allah. In kina son in ci tuwo cikin gidan ga, kar a ƙara ambata min Mahdi ko kihinai. Kunnena ya toshe."

"Ɗana, saurara dai."

"Na rantse, Inna. In kin hwaɗi, barin garin zan yi."

Cima ta ce a ranta, ba komai, ranar kasuwa zai gani tare da kowa, daɗin ya fi yawa.

Shi kuwa Barmo ya riga ya gama shawara da zuciyarsa. Ya yi tunanin fasa gilashin, ya ga wannan aikin mahaukaci ne. Ya yi tunanin yanke wayar panno, ya ga za a gyara. Sai maganar Mahdi ta dawo masa: ɗigo guda ya isa. Mahdi da bakinsa ya miƙa masa makami. Kuma ya san shuɗɗan bidon nan da ke zaure, ya san wanda ke zuba ruwansu kullum da la'asar.

"Hannun da ya mare ni," in ji shi a ransa, "shi zai kashe su. Ni ko taɓa ruwan ba zan yi ba, tunda an hana ni."

Ana sauran ƴan kwanaki kasuwa, da rana tsaka, lokacin da zafi ya kori kowa cikin ɗaki, Barmo ya biyo ta ƙofar gidan Mahdi da kwalbar maganin ƙwari a aljihu. Zauren ba kowa. Ya buɗe bido ɗaya bayan ɗaya, ya tsiyaya wa kowanne kaɗan, ya mayar da murfi ya ɗaure. Maganin ya ɗan zuba a yatsunsa da bakin hannun rigarsa. Ya goge a bango ya wuce. A hanya ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi kamar wanda ya sha ruwan randa.

Da la'asar Mahdi ya zuba ruwa kamar kullum.

Washegari labari ya zaga unguwa: Ango da Amarya sun mutu. An same su kwance a kan yashi, gefe da gefe. Mahdi ya rikice. Ya ɗauka zafi ne, ya yi ta jefa ƙanƙara. Da ya ga murjanin ya tsuke, sai ya yi abin da aka koya masa, ya kwashe rabin ruwan ya haɗa sabo. Da wane ruwa ya haɗa? Da na bidon nan. Da hannunsa ya ƙara musu dafi, yana addu'a yana zubawa. Sai da ya kai ƙasan bido na ƙarshe wari ya bugi hancinsa, amma aikin gama ya gama.

Barmo yana garka ana kawo masa labari. Kowane labari ya fi na baya daɗi. Aka ce Mahdi bai ci abinci ba. Aka ce an gan shi yana kuka kamar mace mai takaba. Barmo ya ce, "Allah sarki," yana cirar albasa yana ɓoye murmushi.

Cima kuwa ta tambayi Mahdi ko abin zai farfaɗo. Mahdi, don kada ya karya mata zuciya, ya ce wataƙila. Saboda haka ba ta aika a dakatar da baƙi ba.

Ranar kasuwa Barmo ya kasa haƙuri. Ya so ya ga fuskar Mahdi da idonsa, don ramuwar da ba a gani ba rabin ramuwa ce. Bai ko canza rigar aiki ba, ya nufi gidan da ya ƙaurace wa tun ranar marin.

Ya tarar da ɗakin cike, amma ba da mutanen da ya zata ba. Tsofaffi ne na Garhanga, da rawuna da sanduna, an shimfiɗa musu tabarma. A tsakiyarsu ga Ɗangana, ya rankwafa, haƙora sun zube, amma harshen yana nan. A gefe ga Cima, ta ɗaura zanenta na salla, silin murjani a wuyanta.

Akwatin kuwa ruwansa ya yi dishi-dishi. Naman murjanin ya saɓule, ya bar rassa farare fat, tsaye cik kamar ƙasusuwa.

Cima ce ke magana. "Wallahi, Ɗangana, na gani da idona. Kore na da ja, shina motsi, shina cin abinci. Abin da Malam ya hwaɗa muku ke nan. Ciwo na ya kama shi."

Barmo ya dubi fararen rassan, ya dubi wuyan uwarsa. Sai yanzu ya gane abin da ta so gaya masa.

Ɗangana ya miƙa sandarsa, ya ce a ciro masa reshe guda. Mahdi ya ciro ya ba shi. Tsoho ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ji ƙarar dutse.

"Cima," ya ce, "kin taso mu tun daga Garhanga, da tsuhwa da ciwon gwiwa, mu zo mu ga dutsi cikin ruwa? Ai dutsi mun baro shi gida, Adar ba ta rasa dutsi ba."

Mahdi ya zaro waya da sauri. "Baba, ga hoto mai motsi, na ɗauka tun suna da rai. Duba."

Ɗangana ya ture wayar. "Ɗana, cikin wagga aba na ga jaki na tuƙin mota. Ita ma shaida ta?"

Tsofaffi suka yi dariya, irin dariyar da suka yi a dandali tun suna samari.

Barmo bai san lokacin da ya yi tsalle tsakiyar ɗaki ba. "Da rai shike! Wallahi da rai shike! Ubana bai yi ƙarya ba!"

Ɗangana ya ɗaga kai ya ƙare masa kallo. "Wane na wanga? A'a, ɗan Ɗanlami! To kai ka gan shi shina motsi?"

Barmo ya buɗe baki. Ranar da abin yake da rai a gabansa, bai kalla ba.

"Kun gani?" in ji Ɗangana. "Bai gani ba, amma ya rantse. Gado ba ya ɓata." Ya jefa reshen a aljihu. "Wanga zan tahi da shi, in nuna ma jikoki murjanin Ɗanlami."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka yi sallama, suka nufi kasuwa suna ta maimaita maganar.

Ɗakin ya rage mutum uku. Mahdi ya fita ya dawo da bido guda, ya ajiye a gaban Barmo, ya buɗe murfin. Warin ya tashi. Bai ɗaga murya ba.

"Na mari hannunka gaban mutane, taubashi, kuma ban zo da ƙahwata na ba ka haƙuri ba. Wannan laihina na, ga shi na biya. Ba ni kai ka ko'ina. Amma ni kihi na rasa. Kai hwa?"

Barmo ya durƙusa gaban uwarsa. Cima ta kamo hannunsa na dama, ta kai bakin rigar kusa da hancinta. Matar da ta yi shekaru tana wanke kayan manomin albasa ba ta bukatar a gaya mata. Ta daɗe tana riƙe da hannun. Sannan ta kwance silin murjanin da bai taɓa barin wuyanta ba tun tana amarya, ta zuba masa a tafi, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Riƙe," ta ce. "Na ɗauke shi shekara da shekaru ina jiran ranar da za a ce mai shi ya yi gaskiya. Ranar ta zo har ƙohwar ɗaki. Yanzu kai za ka ɗauka."

Ta dogara sandarta ta fita, ba ta waiwayo ba.

Mahdi ya wanke akwatin, amma duwatsun sun sha dafi, dole aka zubar. Kafin ya sake haɗa wani, Ɗangana ya rasu a farkon damina, kuma ya rasu yana ba da labarin. Cima ba ta ƙara ambatar teku ba. Tana gaisawa da ɗanta, tana cin abin da ya kawo, amma hantsi in ya yi sai ta zauna a ƙofar ɗaki ta dubi ƙasa.

A Tamaske an daina ce wa Barmo Hannun Albasa, wannan kam ya samu. A Garhanga kuwa karin maganar ta ƙara tsawo. In mutum ya yi ƙarya ya kuma rantse a kai, sai a ce, "Murjanin Ɗanlami, shaidar Barmo."

Darasi: Girman kai ya sa Mahdi ya wulaƙanta ɗan'uwansa a kan gaskiya, ya rasa abin da yake taƙama da shi. Amma ramuwa ta fi muni, domin mai ramuwa yana toshe kunnensa kafin ya ɗaga hannu, kuma bai san abin nasa da ke cikin abin da zai rusa ba. In an ɓata maka, ka faɗa a yi sulhu. In babba ya ce zauna ka ji, ka zauna. Ku tura wannan ga ƴan'uwa, musamman wanda kuka san yana ajiye da wani a zuciya, ko Allah Ya sa ya sauke kafin ya makara.

A ƙarshe ina roƙon malamai da masana da ke cikinku, duk inda na karya ƙa'idar rubutu, ko na kira wani abu na kifin nan da sunan da ba nasa ba, ku gyara mini a ƙasa ba tare da jin nauyi ba. Ɗalibi nake har yanzu, kuma gyaranku alheri ne a gare ni.